Kabarin da Ke Kallon Ruwa

A garinmu ba a cewa gabas, wajen Dutse ake cewa. In baƙo ya sauka ya tambayi alƙibla, ko yaro zai nuna masa da leɓe: ga Dutse can, fuskance shi ka kabbarta. Wani baƙin dutse ne mai kafaɗa ɗaya sama ɗaya ƙasa, tafiyar hantsi daga gari. In ragon layya za a yanka, wajensa ake juya wuya. In mamaci za a kwantar, wajensa ake juya fuska. Kakanninmu da suka sari garin sun duba sun ga ya yi daidai da alƙibla, mu kuwa muka gada muka daina dubawa.

Garin yana bakin gulbi ne a ƙasar Maradun, lokacin duk muna jihar Sakkwato. Tsakaninsa da Dutse akwai fadama, inda muke shinkafa da damina, albasa da rani. A gefen fadamar maƙabartarmu take, da dogayen giginyu tsaye a kanta. Ba zan faɗi sunan garin ba. Wanda ya san shi ya san shi, wanda bai sani ba kuwa ko na faɗa masa ba zai kai ba sai da kwalekwale.

Babana shi ne limamin garin. Innata 'yar tudu ce, daga can wajen Gidan Goga aka auro ta, kuma har ta bar duniya ba ta shirya da ruwa ba. Ruwan randa ma sai ta kawar da kai take ɗiba, wai ba ta son ganin fuskarta a ciki. In tafiya ta kama zuwa Mafara, biki ko gaisuwar rasuwa, dole a ƙetare gulbi. Da rani ruwan bai wuce gwiwa ba, amma sai ta kama bakin rigar Baba ta baya, ta kafa idonta tsakanin kafaɗunsa, shi kuma yana tafe a hankali yana cewa, "Dubi bayana, kak ki dubi ruwa." Matan gari har waƙa suka yi musu, wai liman ya yi jela. Inna ta ce su yi ta yi, bakinsu ne zai gaji.

Da aka fara zancen dam a Bakolori mun ɗauka surutun 'yan birni ne. Lokacin na yi aure, ina da keken ɗinkina a zaure, ina ganin kaina cikakken mutum mai fahimtar duniya, har ni ke gaya wa tsofaffi cewa ba wanda ya isa ya tsayar da gulbi. Sai ga manyan motoci. Aka ce na ƙasa, mutanen Mafara da Bakura, ruwa za a kai musu gona. Mu na sama, gonar za a kai wa ruwa. Wasu mutane suka zo suka bi gangaren tudu suna kafa turaku masu jan fenti, suka ce nan ruwa zai tsaya. Na hau na tsaya gindin turke ɗaya na duba ƙasa. Ga gari gaba ɗaya a ƙarƙashin ƙafata, da rumbunansa, da masallaci, da hayaƙin tuwon rana, mata suna daka, awaki suna kuka. Ban san dalili ba, sai na ji kamar mutanen da suka riga suka mutu nake kallo, ba a dai gaya musu ba ne.

Da na koma gida na ba Inna labari, ta ajiye maburgi ta ce, "Ruwa bisa kan gida? Allah shi ɗauke ni ban gan shi ba."

Abin da ya faru daga baya a bakin dam, da manoma suka tare hanya har aka zubar da jini, masu shi suna nan, su za su ba da shi. Nawa ƙarami ne, bai fi faɗin tabarma ba.

Bayan an gama kaka, sanyi ya shigo, aka kwashe mu zuwa wani tudu arewa da tsohon gari. Ƙasar jangargari ce, ga tsakuwa. Babbar matsalar kuma, tana da mai ita. A wajenmu hakimi shi ne mai gari guda, uban ƙasa ne a samansa. To tudun nan na wani hakimi ne, garinsa na nan kusa, kana jin kiran sallarsu. Mu kuma mun zo da namu hakimin, dattijo mai rawani, wanda kakansa ya riƙi garinmu tun kafin zuwan Nasara. Ga hakimi ba ƙasa, ga ƙasa da hakiminta. Mai ƙasa ya ce maraba da baƙi, amma daga yau namu mai unguwa ne a ƙarƙashinsa, harajinmu ta hannunsa zai bi, Juma'a kuma a masallacinsa. Namu ya ce gari mutane ne ba ƙasa ba, inda jama'arsa da limaminsa da maƙabartarsa suke, nan garinsa yake. Aka kai magana gaban uban ƙasa, shi kuwa ya ce a yi haƙuri ana dubawa. Duk wanda ya san manya ya san abin da wannan ke nufi.

Saboda haka tun kafin mu rufe ɗakunanmu hakiminmu ya ce a fitar da masallaci da maƙabarta, don kowa ya ga gari ne ya sauka, ba 'yan ci-rani ba. Da safe Baba ya fito da sandarsa, jama'a na biye. Ya ɗaga kai, ga Dutse can, kafaɗa ɗaya sama ɗaya ƙasa, kamar ya biyo mu. Ga rana kuma tana fitowa daidai ta bayansa. Me ya rage? Ya ja layi a ƙasa, aka yi fatiha. Ba wanda ya ce uffan, ni ma da nake ganin na fi kowa wayo ban ce ba. Dutse ne fa. Wanda ya tashi yana ganin hancinsa a tsakiyar fuska ba ya tambayar ko ya gusa.

Addu'ar Inna ta karɓu. Sanyin bai fita ba ciwon ƙirji ya kama ta, kwana kaɗan ta cika. Ita ce ta buɗe sabuwar maƙabarta. Ni da ƙanena muka haƙa, ƙasar na da tauri har diga na tsalle. Muka kwantar da ita a kan damanta, fuska wajen Dutse, muka jera itace, muka rufe. A gabanta lokacin ba komai sai gangare da busasshiyar fadama. Masu gaisuwa suna ta cewa ta yi sa'a, ta tafi ba ta ga ruwan ba. Baba yana amsawa da kai.

Da damina ta sauka aka ce an rufe gulbi. Na zaci ruwan zai zo da ƙara, yana karya itatuwa. Bai yi ba. Shiru ya zo. Yau ka ga ya kai gindin wata tsamiya, jibi ka ga tsamiyar tsaye cikinsa har wuya. Katangun tsohon gari suka jiƙa suka zauna ɗaya bayan ɗaya, ba ko ƙura. Jakunanmu, in an sake su, sai su gangara su tsaya a bakin ruwa su jera, kunnuwa a miƙe, suna kallon inda turakunsu suke a da, sai an je an koro su da sanda. Mata masu zuwa wanki suka fara cewa da tsakar rana, in iska ta kwanta, ana jin daka daga ƙarƙashin ruwa, taɓarya biyu suna amsa wa juna. Na yi musu dariya. Ranar da na je da kaina na ji wani abu, gum, gum, daga nesa. Na ce injin ne a wajen dam. Har yau haka nake cewa, amma ban sake zuwa da tsakar rana ba.

A daminar nan ne rana ta tona mana asiri. Gero na kai gwiwa, sai ga ta tana fitowa can hagu da Dutse, nesa ƙwarai. A tsohon gari, a daidai wannan lokacin ne take fitowa ta kafaɗarsa, kowane manomi ya san haka. Wato waccan haɗuwar da muka gani da sanyi, ranar ce ta karkata kudu kamar yadda ta saba, ta same shi a inda bai kamata ya kasance ba. Dutse yana inda yake. Mu ne muka gusa, muka zagayo ta gefensa, muka ci gaba da yi masa kallon da.

Limamin masu ƙasa, wani siririn malami mai sanyin murya, ya zo gaisuwa wata rana ya ga sahunmu. Bayan an yi doguwar gaisuwa, an tambayi gida da gajiya da ruwa da baƙunta, ya ce wa Baba, "Allah shi gafarta Malam, kamar alƙiblag ga ta ɗan jirkita wajen kudu."

Kafin Baba ya buɗe baki magana ta kai kunnen hakiminmu. Ya tara dattawa ya ce makirci ne. Yau su ce sallarmu a karkace take, gobe su ce ba mu da masallaci, jibi su ce ba mu da gari. Ya ce duk wanda ya juya tabarmarsa ko da taki ɗaya, ya tattara ya koma can. Kuma kada a ɗauka wawa ne. Ya san abin da yake karewa. Mutanen da aka raba da gonarsu da gidansu da kaburburan iyayensu, abin da ya rage musu shi ne su ce mu 'yan gari kaza ne. Sai aka ci gaba da salla wajen Dutse, wasu na ɗan karkata kafaɗa hagu a ɓoye, har sahu ya zama kamar haƙoran tsohuwa. Aka ci gaba da binne mutane a layin Inna. Tsofaffi sun mutu da yawa a shekarun farko, ba wani ciwo, zama ne kawai ya ƙi su.

Ni duk wannan rigimar, ta masallaci kawai na ɗauke ta. Ban kawo maƙabarta a raina ba sai wata rana bayan azahar, da na je neman Baba saboda baƙi sun zo. Aka ce ya yi wajen maƙabarta. Na same shi zaune a ƙasa, ba tabarma, a gaban kabarin Inna, ya ba shi baya, yana jan carbi. Wurin da yake zaune ya yi sumul, ciyawa ta mutu, alamar ba yau ya fara ba. Na yi mamakin wannan zama, don mai ziyara fuskantar kabari yake yi. Na zagaya ta bayan kabarin na durƙusa don in yi addu'a, sai idona ya bi ta inda fuskarta take kallo.

Ruwa ne. Daga ƙasan gangare har gindin Dutse ruwa ne shimfiɗe, fari fat, ba ya motsi. A tsakiyarsa kawunan giginyun tsohuwar maƙabarta sun leƙo, ganyen ya bushe ya rataye. Duk wanda muka binne a tudun nan, su yake kallo, na sama suna kallon na ƙasa. Inna, wadda ba ta iya kallon randa.

Na ce, "Baba, mu tone ta mu gyara."

Bai juyo ba. Ya ce, "Da ranan nan munka gane, da an gyara. Yanzu ta daɗe. Littahi bai ba mu ba, kuma ba ni tona asirin uwarka."

"To mi za a yi?"

"Ga shi ina yi," in ji shi.

Na san abin da malamai za su ce, shi ma ya fi ni sani: mamaci ba ya ganin ruwa, aikinsa yake gani, kuma Allah ba ya kama bawa da kuskuren da bai yi da gangan ba. Baba ya sha faɗa wa mutane haka a kan nasu matattun. Amma shi ya ja layin, kuma shi ya san yadda take kama bakin rigarsa a gulbi. Na koma gida ranar ban iya cin tuwo ba. Tausayinsa ya kama ni, haushin Dutse kuma ya cika ni, kamar dutse ya taɓa cewa a bi shi.

Ana nan sai hakimin masu ƙasa ya samo hanyar da ta fi ta masallaci. Ya kai wa uban ƙasa cewa baƙi suna binne Musulmi a karkace a cikin ƙasarsa, shi ba zai ɗauki wannan alhaki ba. Wannan karon ba a ce ana dubawa ba. Aka ce a rufe maƙabartar, a kewaye ta da ƙaya, daga yau duk wanda ya rasu a kai shi ta masu ƙasa. Hakiminmu ya ce sai dai a binne shi a tsakar ɗakinsa. Gari ya ɗauki zafi, samari suna ta maganar sanduna.

Washegari da hantsi Baba ya ce in raka shi. Muka bi ta cikin gonaki har ƙofar hakimin masu ƙasa. Aka yi gaisuwa, aka sake yin gaisuwa. Sannan Baba ya ce, "Ranka shi daɗe, alƙiblarku ita ad daidai. Ni na ja tamu, kuma na yi kuskure. Ran Juma'a in Allah ya kai mu zan hwaɗi haka gaban jama'a, in zo in bi limaminku."

Hakimin ya gyara zama. Ya san abin da aka kawo masa har gida: in liman ya bi, gari ya bi. Ya ce, "Malam, mi kaka so?"

"Wuri guda cikin maƙabartan da anka ruhe. Gaban kushewar iyalina. Kamu huɗu ya ishe ni."

Hakimin ya dube shi yana jiran sauran. Ya zaci gona za a roƙa, ko limancin unguwa, ko a bar wa ɗansa wani abu. Da ya ga ba sauran, ya ce an ba shi, ya kira shaidu.

A hanyar komawa na kasa haƙuri. Na ce, "Baba, garin hwa? Mutane za su ce ka sai da su."

Ya ce, "Gaskiya dai sai na hwaɗe ta, ko da wurin ko babu. Na daɗe ina jan mutane salla ina sane, wannan shi ka hana ni kwana. Amma tunda za ni hwaɗi, in samo ma uwarka wani abu."

Ranar Juma'a ya tsaya a masallacinmu ya faɗa, a taƙaice, ba kuka ba rantsuwa. Ya naɗe buzunsa ya fita. Kusan rabin sahu suka bi shi, sauran suka zauna. Kafin shekara ta zagayo takarda ta fito, garinmu ya zama unguwa, hakiminmu ya zama mai unguwa. Bai sake yi wa Baba magana ba har ya mutu, in sun haɗu a hanya sai ya ja rawani ya rufe baki. Yara suka daina kawo allo zaurenmu. Ni ma ɗinki ya ja baya, har daga baya na kwashe kekena na koma Mafara. An ce liman ya sayar da gari a kan kabarin mace. Na yi faɗa da mutane a kan wannan magana, har na taɓa fasa wa wani baki a kasuwa, kuma ban yi nadama ba. Amma yanzu da na tsufa na san ba ƙarya zalla suka yi ba. Sunan garinmu ya ɓace, jikokina ba su san shi ba, kuma a ranar Juma'ar nan ya fara ɓacewa.

Baba ya yi shekaru bayan haka yana bin wani salla, shi da ya ja mutane tun ina cikin zane. Kullum bayan azahar sai ya ɗaga reshen ƙaya ya shiga ya zauna a wurinsa. Da ƙafa ta gaza, sai ya sa a kai shi a kan jaki. Da ciwon ajali ya kwantar da shi aka aiko mini Mafara, na same shi da sauran magana. Ya ce, "Ku daidaita ni, kak ku karkata ni don ita. Amma ku matsa da ni kusa."

Mutane kaɗan suka zo daga unguwarmu. Limamin masu ƙasa ne ya yi masa salla, shi ya tsaya ya nuna mana alƙibla, ni da ƙanena muka haƙa. Da yake nata a karkace yake, nasa a daidai, sai ƙafafun suka kusa haɗuwa, kawunan suka buɗe kamar bakin almakashi. Kafin a saka shi na ce a dakata. Na zagaya bayan kabarin Inna na kwanta a ƙasa a kan damana, na sa kunci a tsakuwa, mutane suna kallona kamar na zautu. Na duba. Ƙasar da muka tara ba ta tare mata ruwan duka ba, ta gefen kai ana hango ruwa da kan giginya ɗaya. Na tashi na ce a ƙara tsawon ramin wajen kudu. Muka ƙara, na sake kwanciya na duba, sannan na ce a kawo shi.

Ƙayar ta daɗe da ruɓewa, gonaki sun matso, amma ba a taɓa wurin ba. Giginyun ma sun faɗi tuntuni, ruwan ne kawai yake nan, da Dutse. In na je ziyara nakan tsaya ta bayan Inna. Shi yana kallon alƙibla. Ita kuma bayansa take kallo, daidai tsakanin kafaɗu.